Ba Kowace Jarka Ce Ta Fetur Ba: Abin Da Ya Kamata Ka Duba Kafin Ka Saya

Da wuya ka shiga gida, shago ko gona a yau ba ka tarar da wani inji mai shan mai ba. Ga janareta a bayan ɗaki, ga injin markaɗe a zaure, ga injin ban ruwa a fadama, ga injin yankan ciyawa a makarantu da ma'aikatu, ga kuma babur ko motar da mai kan yanke wa a hanya. Yawancinsu ba sa zuwa gidan mai da kansu, sai dai a sayo a kawo musu. Abin da ake sayowa a ciki kuwa kowa ya sani: tsohuwar jarkar man gyaɗa, galan ɗin baƙin mai, gorar ruwa ko ta lemo, wani lokaci ma har leda.

In ka yi magana sai a ce maka, "To ai jarka jarka ce, tunda ba ta yoyo." In ruwa za a zuba, maganar haka take. Amma a wajen fetur, rashin yoyo shi ne mafi ƙanƙantar sharaɗi. Babban aikin jarkar fetur shi ne ta riƙe abin da ido ba ya gani, wato tururin da man ke fitarwa dare da rana. Duk wanda ya gane halin wannan tururi, zai gane dalilin kowace ƙa'ida da za ta biyo baya, ba sai ya haddace ta ba.

## Tururin ne ke kamawa da wuta

Fetur ba sinadari ɗaya ba ne, haɗin ɗaruruwan sinadarai ne da aka tace daga ɗanyen mai. Wasu daga cikinsu suna fara tafasa tun daga wajen digiri 30 zuwa 40 a ma'aunin Selshiyos, wato zafin da Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram ke kaiwa cikin inuwa a watan Afrilu. Shi ya sa da zarar an buɗe jarka sai wari ya cika wuri. Warin nan da kake ji, man ne da kansa yake tashi yana shiga iska. Ita kuma wuta ba ta cin mai yana kwance, sai ya zama tururi ya gauraya da iska sannan take kama shi.

Kowane mai yana da mafi ƙarancin zafin da zai fitar da tururin da ya isa ya kama idan wuta ta kusanto shi. Mu kira wannan matakin kamawa.

- Na fetur yana wajen digiri 40 ƙasa da sifili. Ko a firiza ka ajiye shi, a shirye yake.
- Na kananzir yana farawa daga digiri 38.
- Na dizal yana sama da digiri 52.

Ka ga kenan babu wata rana a shekara, ko da tsakiyar hunturu ce, da fetur ba ya fitar da tururi mai kamawa. Sai dai ba kowane gauraye ne ke kamawa ba. Dole yawan tururin a cikin iska ya kasance tsakanin kashi 1.4 da kashi 7.6 cikin ɗari. Ƙasa da haka ya yi kaɗan. Sama da haka ya yi yawa, iskar da wutar ke buƙata ta gaza. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Abu na gaba, tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu. Ba ya tashi ya ɓace kamar hayaƙi. Kwanciya yake a ƙasa, ya malala kamar ruwa, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, ya taru a rami ko kwata. Idan ya isa inda murhu, kyandir ko maganin sauro na kunnawa yake, sai wutar ta biyo sawunsa da gudu har zuwa inda ya fito.

Bari mu yi ɗan lissafi. Lita ɗaya ta fetur in ta ƙafe gaba ɗaya tana ba da tururi wajen lita 170. In ka tsarma shi zuwa kashi 1.4, ya isa ya mai da iska lita 12,000 ta zama mai kamawa. Kofi ɗaya, wato rubu'in lita, zai ba da lita 3,000. A ɗaki mai faɗin mita 3 da tsawon mita 4, wannan ya isa ya shimfiɗa gauraye mai kamawa a ƙasan ɗakin gaba ɗaya, mai zurfin santimita 25. Kofi ɗaya fa.

Wannan ne ya sa haɗarin tankar mai ke cin rayuka da yawa haka. A Majiya ta Jihar Jigawa, a watan Oktoban 2024, sama da mutum 150 suka rasu bayan tanka ta faɗi, jama'a suka taru suna ɗibar mai. Wanda ke tsaye kusa da man da ya malala, a cikin tururi yake tsaye, ko da ɗigo ɗaya bai taɓa shi ba.

## Abin da jarka ta farko ke koya mana

Ita kanta kalmar jarka daga Turanci muka aro ta, daga jerrycan. "Jerry" laƙabi ne da sojojin Ingila ke kiran Jamusawa da shi. A shekarar 1937 ne aka fito da samfurinta a Jamus, ƙarƙashin injiniya Vinzenz Grünvogel na kamfanin Müller da ke garin Schwelm, domin sojoji. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan Ingila na ɗaukar mai a siraran gwangwanaye masu yawan tsagewa da yoyo. Da suka ga ta Jamusawa, sai suka riƙa ƙwace ta a fagen fama, daga baya su da Amurkawa suka kwaikwaye ta.

Me suka gani? Jarkar ƙarfe ce mai cin lita 20, kuma babu wani abu a jikinta da aka yi don ado. Tana da mariƙi uku, don mutum ɗaya ya ɗauka ta tsakiya, ko mutum biyu su kama ta gefe da gefe. Zanen da aka lotsa a gefenta yana ƙara mata ƙarfi, yana kuma ba ta damar ɗan buɗawa idan man ya ɗumama. Bakinta yana ƙasa da ƙololuwarta, saboda haka ko ka so ba za ka iya cika ta maƙil ba, dole a bar wa iska wuri. Murfinta na dannawa ne mai zoben roba. A cikin bakin kuma akwai siririn bututun da iska ke shiga ta ciki yayin tsiyaya, don man ya fito sumul ba tare da ɓulɓul ba.

Matsaloli uku kenan aka magance: kumbura, toshewa, da tsiyaya. Har gobe da su ake gane jarkar kirki.

## Me ya sa jarka ke kumbura a rana?

Dalili biyu ne. Na farko, fetur na buɗewa idan ya ji zafi, kusan kashi 1 cikin ɗari a duk ƙarin digiri 10. Man da aka zuba maka daga tankin ƙarƙashin ƙasa yana da sanyi-sanyi. In lita 20 ce ta tashi daga digiri 25 zuwa 45 a bayan mota, ta ƙaru da kusan kofi ɗaya da rabi. Idan an cika jarkar har wuya, ƙarin nan ba shi da wurin zuwa sai ta murfi ko ta inda jikin ya fi rauni.

Na biyu, zafi na ƙara yawan tururi, tururin kuma na danna bangon jarkar daga ciki. Shi ne "fusss" ɗin da kake ji in ka kwance murfi. Don haka ƙa'ida ita ce kada a wuce kashi 95 cikin ɗari: lita 19 a jarka mai cin 20, sai dai in mai ƙera ta ya riga ya sa layin da za a tsaya. In za ka buɗe jarkar da ta sha rana, ka ajiye ta a ƙasa, ka kau da fuskarka, ka kwance a hankali har hucin ya gama fita.

## Roba ko ƙarfe?

Juya kowace roba ka dubi gindinta, za ka ga alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. Lamba 1 ita ce PET, ta gorar ruwa da lemo. Lamba 2 ita ce HDPE, ta jarkoki da galan-galan. Lamba 6 ita ce ta farin soson da ake zuba abinci a ciki, wanda fetur ke narkarwa nan take.

Gorar ruwa ba ta narkewa a gabanka, shi ya sa ake ganin kamar ba komai. Amma siririya ce, tana laushi in ta ji zafi, murfinta kuma ba don fetur aka yi shi ba. Babban aibinta ma ba wannan ba ne. Yaro ya san gora da abin sha. Shan kananzir da aka ajiye a gorar ruwa ko kwalbar lemo yana cikin manyan abubuwan da ke kai ƙananan yara asibiti da guba a Najeriya, kuma fetur bai fi shi sauƙi ba.

To ita jarkar man gyaɗa fa, tunda HDPE ce kamar ta fetur? Dangi ɗaya ne, amma aikinsu daban. HDPE da ƙwayoyin fetur suna da kusanci a sinadarance, don haka man na shiga cikin jikin robar a hankali, ya ratsa ta, ya fita ta waje a matsayin tururi. Jarkar na rufe, ba ta ɗiga, amma ɗakin na wari. Masu ƙera jarkar fetur suna magance wannan da kauri, da kuma ko dai gyara fuskar robar da iskar fulorin, ko saka wani siririn shinge a tsakiyar bangon. Suna ƙara sinadarin da ke hana rana gasa robar, su sa zoben murfi na irin robar da fetur ba ya ci. A Amurka, tun 2009 hukumar kare muhalli ta ƙayyade cewa sabuwar jarka kada ta zubar da tururin da ya wuce giram 0.3 a kowane galan a rana. Jarkar man girki ba a taɓa yi mata wannan gwaji ba. Ledar da ake cusawa a ƙarƙashin murfinta kuwa shaida ce cewa murfin ba ya toshewa.

Jarkar ƙarfe tururi ba ya ratsa ta, rana ba ta gasa ta, kuma ta fi daɗewa kafin ta sallama idan gobara ta tashi. Aibinta nauyi da tsatsa. Akwai kuma na jabu masu siffar ta soja amma da siririn ƙarfe da walda marar kyau, waɗanda fentin cikinsu ke ɓarewa ya je ya toshe kafireto. Kafin ka saya, haska tocila ciki ka duba, ka taɓa zoben murfin ka ji ko yana da laushi ba tsagewa. Wannan a sabuwar jarka kawai, wadda mai bai taɓa shiga ba.

Kwalba, bokiti da leda ba sa cikin lissafi ko kaɗan. Ɗaya na fashewa, ɗaya a buɗe yake, ɗaya ƙaya ma ta ishe ta.

## Karanta rubutun jikinta

Jarkar da aka gwada tana ɗauke da shaida, kuma yawanci a jikin robar ko ƙarfen ake buga ta, ba a takardar mannawa ba. Wadda ta fi yaɗuwa a duniya ita ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya: haruffan UN, sannan jerin lambobi kamar 3H1/Y1.0/150/24. Ga fassararsu:

- 3 na nufin jarka.
- H roba ce, A kuma ƙarfe.
- 1 na nufin mai ƙaramin baki, wadda samanta ba ya cirewa.
- X, Y ko Z na nuna girman haɗarin kayan da za ta iya ɗauka. Fetur na rukuni na biyu, saboda haka X ko Y ake nema. Z ba ta isa ba. Lambar da ke manne da harafin tana nuna nauyin ruwan da aka gwada ta da shi.
- 150 ƙarfin matsin da ta jure ne a wajen gwaji.
- 24 shekarar da aka ƙera ta ce, wato 2024.

Kafin a ba da wannan shaida, ana cika samfurin a sako shi daga tsayin mita 1.2. In na roba ne, sai an sanyaya shi zuwa digiri 18 ƙasa da sifili tukuna, lokacin da roba ta fi saurin tsagewa. Ana kuma ɗora masa nauyi na kwana 28 a zafin digiri 40. Shekarar ma tana da amfani, domin a dokokin safarar kaya masu haɗari, wa'adin jarkar roba shekara 5 ne daga ranar ƙera ta. A ƙarƙashin irin ranarmu, wadda ta koɗe ko ta fara fitar da siraran tsagu ta gama aiki ko da wa'adin bai cika ba.

Shaidar UN ita kaɗai ba ta ce jarkar ta fetur ce ba, domin akwai jarkokin sinadarai masu ɗauke da ita. Ka nemi rubutun da ya ambaci fetur ƙarara, tare da hoton harshen wuta. Kayan Amurka kan zo da ASTM F852, ko tambarin UL ko FM. Jarkar ƙarfe ta Jamus kan zo da DIN 7274. Kuma ko da an wanke ta, kada a sayi tsohuwar jarkar maganin feshi ko ta wani sinadari don zuba mai.

Launi fa? A Amurka ja na fetur ne, ruwan ɗorawa na dizal, shuɗi na kananzir. A Birtaniya kore ne na fetur, baƙi na dizal. Tunda kasuwanninmu na karɓar kaya daga ko'ina, kada ka dogara da launi kaɗai. Rubuta sunan man da manyan haruffa, kuma kowane mai da jarkarsa. Wannan ba tsabar tsari ba ne kawai. Ɗan fetur kaɗan in ya shiga kananzir yana rusa matakin kamawarsa ya dawo ƙasa da zafin ɗaki, kuma ta haka ne fitila ko risho ke fashewa a hannun mai kunnawa. Haka man da aka haɗa da baƙin mai don ƙaramin janareta ko injin yankan katako, shi ma a ware masa tasa, a rubuta.

## Jarkar da ta kusa ƙarewa ta fi haɗari

Yanzu mu koma kan kashi 1.4 zuwa 7.6. A cikin jarka mai cike da sabon fetur, tururin da ke saman man ya wuce kashi 7.6 nesa ba kusa ba. Ya yi yawa, wuta ba za ta iya ci a ciki ba, sai dai a bakin jarkar inda yake haɗuwa da iska. Amma in man ya rage ɗan kaɗan, ya kuma daɗe har sassansa masu saurin tashi sun gudu, sai yawan tururin ya sauko cikin iyakar kamawa. Binciken da aka yi a cibiyar Worcester Polytechnic Institute ta Amurka ya nuna abubuwan da ke haɗuwa su kawo haka: ragowar mai kaɗan, tsohon mai, sanyin gari, da karkata jarka don tsiyaya, lokacin da iska ke kutsawa ciki. A wannan hali, in wuta ta taɓa bakin, sai ta shige ciki. Jarkar ta fashe, ko ta feso wuta gaba kan duk wanda ke tsaye.

Maganin wannan ya girmi mota. A 1815, Humphry Davy na Ingila ya ƙera wa masu haƙar kwal fitilar da aka lulluɓe harshenta da ragar waya. Iska na wucewa ta ragar, amma wuta ba ta wucewa, domin ƙarfen na zuƙe zafinta ta mutu a cikin ƙananan ramukan. Irin wannan rariya ce ake sakawa a wuyan jarkar zamani, ta ƙarfe ko ta roba. Amurka ta yi doka a kanta a ƙarshen 2020, kuma daga Yulin 2023 ya zama dole sababbin jarkokin mai na gida su zo da ita. In ka leƙa bakin jarka ka ga wani abu kamar matacin shayi, to ita ce. Kada ka cire ta don mai ya fi saurin zuba.

Daga nan abubuwa biyu suka fito. Kada a taɓa tsiyaya fetur daga jarka kan bola, gawayi ko itacen da ake zaton wutarsa ta mutu. Kuma kada a kai wa mai walda jarka ko tankin da fetur ya taɓa zama a ciki da sunan ai babu komai. Wanda babu komai ɗin ne ke fashewa.

## Tartsatsin da ba ka gani

A lokacin hunturu, in ka cire rigar sanyi ko ka yaye bargo cikin duhu, kakan ji ƙas-ƙas har ka ga ɗan haske. Wannan lantarkin gogayya ne, wanda ke taruwa idan abubuwa biyu suka gogi juna, musamman in iska ta bushe. Ƙarfin da ake buƙata don kunna tururin fetur ƙanƙane ne ƙwarai, wajen kashi ɗaya cikin biyar na milijul. Tartsatsin da ka ji ya ɗan tsunkule ka a yatsa ya ninka haka.

Shi kansa fetur yana tara irin wannan lantarki yayin da yake gudu a cikin tiyo. In jarka na zaune a ƙasa, lantarkin na samun hanyar zurarewa. In kuwa tana kan kafet ɗin but ɗin mota, ko kan shimfiɗar roba a bayan a-kori-kura, ko tana ɗaure a kan babur, to ba shi da mafita. Sai ya taru, ya yi tsalle zuwa kan famfon, daidai bakin jarka inda tururi ya fi yawa. Tun 1998 hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta fitar da gargaɗi a kan irin wannan gobara. Abin yi ba shi da wuya:

- Sauke jarka ƙasa kafin a zuba, nesa kaɗan da abin hawa.
- Kan famfon ya riƙa taɓa bakin jarkar tun daga farko har ƙarshe.
- A zuba a hankali, domin gudun mai na ƙara tara lantarki.
- A rufe, a goge abin da ya zuba a jiki, sannan a ɗora.

## Girma da baki

Lita 20 ta fetur ta kai kilo 15, ban da nauyin jarkar. Ɗaga wannan zuwa bakin tankin ƙaramin janareta ko injin ban ruwa, ba makawa sai an yi ɓari. A Birtaniya doka ta tsayar da jarkar roba a lita 10, ta ƙarfe a lita 20, kuma mutum ba zai ajiye fiye da lita 30 a gida ba sai ya sanar da hukuma. Ko ba dokarmu ba ce, ma'auni ne mai hankali. Ga janareta, babur da injinan gona, mai lita 5 ko 10 ta wadatar. Mai lita 20 ta ƙarfe ta fi dacewa da mota da doguwar tafiya.

Ka zaɓi mai bututun tsiyaya da ke ɗaurewa gam, da hanyar shigar iska. Akwai masu bakin da ke rufe kansa da zarar ka saki hannu ko tanki ya cika. A wuraren aiki irin su gareji da wurin gini, abin da dokar Amurka ta yarda da shi jarka ce da ba ta wuce galan 5 ba, kusan lita 19, mai murfin da sifirin ke rufewa da kansa, mai sakin matsi in ta ji zafi, mai kuma rariyar tare wuta. In babu bututu, a yi amfani da mazurari.

Abin da bai kamata a yi ba sam shi ne zuƙo mai da baki ta tiyo. Ɗan kaɗan in ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana haddasa mummunan kumburin huhu, ga kuma sinadarin benzin da ke cikin fetur, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini. Ɗan famfon hannu na roba ya raba ka da wannan. In kuwa wani ya sha fetur ko kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin aman ne ke kai man huhu. A nufi asibiti kawai.

## Zubawa da ajiya

Kashe inji, ka ba shi mintuna ya huce kafin ka ƙara masa mai. Fetur na iya kamawa da kansa ba tare da ashana ba in ya sami zafin wajen digiri 250 zuwa 280, salansar ƙaramin inji kuwa tana iya wuce haka. In dare ne, tocila za ka haska, ba kyandir ko ashana ba. In mai ya zube, ka jawo injin gefe, ka bari wurin ya bushe kafin ka ja igiya.

Wurin ajiya ya zama a waje da ɗakin kwana, cikin inuwa, inda iska ke ratsawa, nesa da madafa, da janareta, da batiran sola, da hannun yara. Kada a ajiye a zaure ko ƙarƙashin bene in nan ce kaɗai hanyar fita. A mota kuwa, jarka ta tsaya a tsaye a ɗaure, a sauke ta da zarar an isa. Kada a tara fiye da abin da za a ƙarar cikin 'yan makonni, domin fetur na lalacewa: sassansa masu sa inji saurin tashi su gudu, sauran ya fara yin danƙon da ke toshe kafireto. A tanadi bokitin yashi ko abin kashe gobara mai hoda a kusa. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, domin man na hawa kansa ya bi shi duk inda ya malala.

## In ba ka sami irin wannan ba fa?

Gaskiya ne, jarka mai shaida ba a kowace kasuwa take ba, kuma ta fi ta man gyaɗa tsada. Akan same ta a wajen masu kayan mota, masu injinan gona da masu kayan kashe gobara. Kafin ka samu, rage haɗarin da abin da ke hannunka. Ka sayi daidai abin da za ka juye a tanki a ranar, don tankin inji ya fi kowace tsohuwar jarka tsaro. Ka raba fetur da duk wani mazubin da ya yi kama da na abin sha. Ka bar wa iska wuri, ka rubuta suna, ka kwana da ita a waje. Kuma ka riƙa yin gwajin hanci: rufe jarka, goge jikinta, ka bar ta awa guda a inuwa. In ka dawo ka tarar wurin na warin fetur, to tururi na fita, kuma lokacin sauya ta ya yi.

Ranar da za ka saya kuwa, ga abin da za ka duba: rubutun da ya ce ta fetur ce, shaidar UN mai X ko Y ko makamanciyarta, shekarar ƙira, zoben murfi mai laushi, bututun tsiyaya mai hanyar iska, rariya a wuya, da girman da hannunka zai iya sarrafawa. Araha dai ba ta ado. Jarkar kirki za ta yi maka shekaru tana aiki.